Ranar da Baba Ya Shigo Cikin Shirun Hamma

Yayana, wanda duk gidanmu muke kira Hamma, ya yi shekara shida a Ingila yana karatun kiɗa. Ranar da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Gombe, rabin unguwarmu ya tafi tarbarsa, kowa yana son ganin irin gangar da Turawa suka ba shi. Sai ga shi ya sauko da kwat mai kauri cikin ranar da ke dafa ƙwai a aljihu, da gashi kamar ƙaramin rumbu a kansa, da akwati uku. Aka kai akwatunan gida aka buɗe gaban kowa. Takardu ne, duka ukun. Kowace an ja mata layi biyar-biyar, an zuba ɗige-ɗige masu wutsiya a kai, ka ce 'ya'yan kwaɗi ne suka hau igiyar shanya.

Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta ɗauki ɗaya ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"To ina kiɗan?"

"Shi ne a hannunki, Goggo."

Ta kara takardar a kunnenta, ta yi kasaƙe, sannan ta mayar masa. "Naka ya mutu a hanya."

Hamma ya yi mana bayani, da haƙuri irin na mai ba jariri magani, cewa shi ba mai bugawa ba ne, shi mai tsarawa ne. Yakan ji kiɗan a cikin kansa ya rubuta, wasu su karanta su buga. A can, in ji shi, mutum sittin sukan zauna da kayan kiɗa, shi ya tsaya gabansu da ɗan tsinke. Na tambaye shi ko da tsinken yake dukan wanda ya yi kuskure. Ya ci gaba da jera takardunsa.

Abin ya faro tun ba a haife ni ba. Goggo ta ce shekarar da aka sami 'yancin kai, Hamma yana firamare, aka ba shi gangar fareti saboda shi kaɗai ne a ajinsu ya san hagu da dama. Daga ranar babu abin da ya tsira a gidan: kwano, ƙyaure, tulu, kawunan ƙannensa. A sakandare ya haɗu da wani malami Bature mai tsohon fiyano da gara ta cinye wa haƙora huɗu, shi ya koya masa karanta 'ya'yan kwaɗin. Da sukolashif ya fito, Baba ya sa hannu ba gardama. Shekara talatin ya yi yana aikin En'e, kuma a iya saninsa duk wanda gwamnati ta tura ƙasar waje yakan dawo da ofis da mota da masinja, ko da kiwon agwagwa ya karanta.

Amma a gidanmu ba a kiɗa. Mu ake yi wa. Kakanmu babban manomi ne a Kwadon, irin wanda in ya kira gayya sai an rasa mai jan ruwa a ƙauye uku, kuma yana da takensa na kansa a gangar noma. Jikan wannan mutumin ne ya dawo da digiri biyu a kan abin da maroƙa suke koya kyauta a bayan iyayensu.

Ga shi kuma ya dawo a lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya haukace. Cikin abokan karatunsa wani ya sayi mota, wani ya sayi mota biyu don kada ta farkon ta ji kaɗaici, wani ya zama ɗan kwangila yana gina gada a inda babu rafi. Hamma kuwa yana ɗaki yana kaɗa yatsa a iska yana gunaguni. Mutane suka fara yi wa Baba jaje a masallaci, a hankali, ba tare da sun faɗi na mene ne ba.

Wata biyu Baba ya yi yana kallonsa. Sannan ya kira shi zaure bayan la'asar. Ni na kai shayi, kuma na daɗe ina gyara zaman kofuna.

"Na ba ka zuwa cirar auduga," in ji Baba. "Ka kawo mini takardar ɗaukar aiki mai hatimi. In babu, ka tattara ka koma Kwadon ka riƙe mini gona. Waɗancan takardun kuma a ba mai ƙosai."

Hamma bai san bambancin dawa da gero ba sai sun zama tuwo. Amma ba wannan ne ya sa fuskarsa ta yi fari ba. Ya san Baba. In ya shiga Kwadon, ba zai sake fitowa ba sai dai da furfura.

Ya rubuta wasiƙu ko'ina. Wuri ɗaya ne ya amsa, wani gidan rediyo na can birni. Suka ce suna neman wanda zai kula musu da sashen kiɗa, kuma ma'aikacinsu yana zagayen ƙasarmu da rikoda, zai biyo ta Gombe yini ɗaya. In Hamma yana da abin da za a ji, ya shirya a ɗauka a tef a kai wa manya.

Mutum sittin babu su a Gombe, fiyano kuma sai dai a hoto. Saboda haka Hamma ya zauna ya rubuta sabon kiɗa na mutum huɗu da kayan gida: sarewa, goge, gangar noma, da turmi. Mai sarewa wani Bafillatani ne mai kawo shanu kasuwa. Mai goge ya samo shi a bayan tashar mota. Turmi kuwa ni ce, domin babu wata mace mai hankali da za ta yarda, ni kuma ina hutun makaranta, shekarata goma sha biyar, kuma na fi son komai a duniya a kan tankaɗe.

Babbansu shi ne Mai Ganga, wani tsoho daga Kagarawal, siriri kamar sandar rake, da haƙori uku da murya ta mutum goma. Ubansa ne ya yi wa kakanmu kiɗa a gona, shi ma ya taso yana yi. Da ya ji jikan gidan ne ke nemansa, bai ko tambayi dalili ba. Muka haɗu a wani ajin firamare a Bagadaza, da yake yara suna hutu. Ya durƙusa ya gaida Hamma, Hamma ya rasa inda zai sa kansa.

"Ɗan maigida, kiɗan wa za mu yi?"

"Ba na kowa ba ne, Baba Mai Ganga. Kiɗa ne kawai."

"Kiɗa ba mai shi?" Ya dubi mai goge. "To wa zai ji daɗi?"

"Duk wanda ya saurara."

"Allah Sarki," in ji Mai Ganga, kamar an gaya masa an tsinci jariri a kwata.

Babu wanda ya iya karanta takardar cikinmu, don haka Hamma ya koya mana da ƙirga. Sarewa ce ke farawa, da sauti ɗaya tal, dogo, har sai idon Bafillatanin ya yi ja. Sai goge ya shigo da wani kuka irin na kyanwar da ƙyaure ya matse wa wutsiya. Mai gogen ya ce shekara ashirin ya yi yana koyon yadda zai hana gogensa yin wannan ƙarar, ga shi yau ita ake so. Ni zan ƙirga goma sha bakwai in daka sau uku, in ƙirga tara in daka sau ɗaya. Mai Ganga kuwa an hana shi makaɗinsa na itace a duk kashin farko, sai dai ya riƙa shafa fatar da tafin hannu.

"In shafa ta? Ciwo take yi?"

Turmin ma sai da aka yi rigima a kansa. Hamma yana son a daka shi wofi don ya fi amo. Goggo ta ce ba a fita da turminta a daka shi babu komai a ciki, kiran yunwa ne, in ana son masifa a je a aro na maƙwabta. Aka shirya a kan dusa tafi ɗaya. Hamma ya ce dusar ta canja masa sauti, ya koma ya gyara 'ya'yan kwaɗi biyu.

Amma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne tsakiyar kiɗan. A nan kowa zai tsaya cak, a yi shiru na ƙirga arba'in. Ba tari, ba motsi. Bayan shirun ne za mu faɗa gaba ɗaya cikin kashin ƙarshe, inda Mai Ganga zai karɓi makaɗinsa. Wannan kashin, ko ni da nake dariya na san yana da kyau. Ran farko da muka yi shi daidai sai da tsigar jikina ta tashi. Hamma ya ce duk abin da ya gabata hanya ce kawai ta zuwa can, kuma in babu shirun ba za a ji nauyinsa ba.

"Shirun ma kiɗa ne," in ji shi.

"To ashe matata ta fi ni iya kiɗa," in ji Mai Ganga. "Ranar da ta yi fushi, tun safe take bugawa."

Mako biyar muka yi muna wannan, kullum bayan azahar. Tsohon ya koyi shirun. Yakan runtse ido, leɓensa na motsi, gumi na zuba, kamar wanda ake cire wa ƙaya. Amma yana kaiwa arba'in.

Hamma bai gaya wa Baba komai ba. Shirinsa shi ne takarda mai hatimi ta fara zuwa, bayani ya biyo baya. Ni ce na ɓata wannan. Ana gobe mutumin rediyo zai zo, Baba ya tare ni a ƙofar gida ina saɓe da taɓarya a kafaɗa.

"Ke, ina kike kai wannan kullum?"

Ina iya cewa gidan ƙawata. Amma na yi tunanin in Baba ya ji kashin ƙarshen nan da kunnensa, zai san ɗansa ba mahaukaci ba ne. Wannan shi ne rabin dalilin. Ɗaya rabin, ina son in ga fuskarsa lokacin da goge zai yi kukan kyanwa. Na gaya masa wuri, na gaya masa ƙarfe biyu. Ya shige gida. Abin da na manta shi ne Baba bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, domin a ganinsa babban mutum ba ya riga kowa isa.

Mutumin rediyo ya zo da rikoda mai girman akwatin amarya. Gajere ne, mai tumbi, da riga mai aljihu huɗu da biro a kowane. Ya ce ya zagaye garuruwa da yawa, tef ɗaya ya rage masa, kuma jirginsa na tashi da la'asar. Sau ɗaya za a yi. Ya kafa abin magana a kan tebur, ya sa wasu faifai a kunne, ya ɗaga yatsa.

Hamma ya sa kwat ɗinsa na Ingila. Ya ɗaga tsinke.

Ba mu taɓa yin kyau irin na ranar ba. Sarewa ta miƙe kamar zare. Kyanwa ta yi kukanta a daidai wurin. Na ƙirga goma sha bakwai na daka, ban ƙara ba ban rage ba. Mutumin rediyo dai ya duba agogonsa sau biyu, ya kuma bubbuga faifan kunnensa ko sun lalace. Muka iso shiru. Hamma ya tsayar da tsinken a sama. Ɗaya, biyu, uku. Ina jin ƙuda yana yawo a bayan aji.

A goma sha tara haske ya ragu a bakin ƙofa. Baba ne, da babbar riga fara da sanda, ya tsaya yana kallon ɗansa da hannu a sama da 'yarsa rungume da taɓarya, da mutum uku da suka daskare kamar an yi musu asiri.

Na dubi Mai Ganga. Ya buɗe ido ya gan shi. Wallahi ya yi ƙoƙari. Na ga leɓensa ya ce ashirin, ya ce ashirin da ɗaya. Ya danne fatar da tafin hannu. Amma ɗan mai takensa ne ya shigo, a tsaye, a gabansa, ganga tana rataye a kafaɗarsa. A duk zuriyarsu ba a taɓa jin wanda ya ga haka ya yi shiru ba. A ashirin da uku ya sunkuya ya zari makaɗinsa daga ƙasa.

Ƙarar farko sai da allon ajin ya girgiza. Taken kakanmu ne, na gona, wanda aka ce in an buga shi ko gurgu sai ya nemi garma. Tsohon ya buɗe murya yana kiran Baba da sunayen da ban taɓa sanin yana da su ba, yana lissafa gonakin Kwadon ɗaya bayan ɗaya har da wadda rafi ya cinye. Mai goge ya saki kyanwar ya bi shi. Bafillatanin ma ya shiga. Ni kuwa, ban san lokacin da na fara lugude ba, ina jefa taɓarya sama ina tafi ina cafewa, dusa tana tashi har rufi. Na yi guɗa ma. Ba zan ɓoye ba.

Hamma yana nan tsaye da tsinkensa a sama. Ina jin har lokacin ƙirga yake yi.

Baba bai motsa daga ƙofa ba. Sandarsa ce kawai na ga tana taɓa ƙasa tare da gangar, sau uku ko huɗu, kafin ya lura ya riƙe ta da hannu biyu. Tun rasuwar kaka ba a buga wannan taken ba.

Tef ya ƙare da wani ɗan ƙara, fat-fat-fat. Mutumin rediyo ya cire faifan kunne, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Malam, wannan shi ne aiki! Da farko na ce yau na yi asarar tef. Ashe jan rai kake yi. Ka sa mutum ya gaji, ka yi shiru, sannan ka sako wannan. Dabara ce ta Ingila?"

"Ba ni na rubuta wannan ba," in ji Hamma. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Nawa bai zo ba. A sake."

"Da wane tef? Kuma a sake me? Manya wannan za su so." Ya fara naɗe wayoyinsa. "Ka bar mini sauran."

Mai Ganga ya zo ya durƙusa gaban Hamma, yana haki.

"Ɗan maigida, ka yafe mini. Na kai ashirin da uku."

"Saura goma sha bakwai, Baba Mai Ganga. Goma sha bakwai kawai."

"Ko ɗaya ce ta rage ba zan iya ba. Gobe a ce maigida ya shigo na zuba masa ido? Ina zan sa ƙafa a Kagarawal?"

Baba ya juya ya fita. Hamma ya dube ni. Bai tambayi wanda ya gaya wa Baba ba, domin a gidanmu in abu ya fashe ba a neman mai laifi da nisa. Kwana tara bai yi mini magana ba. Na gwammace ya zage ni.

Takarda ta zo ana saura mako biyu a fara cirar auduga, da hatimi ja, babba, irin wanda Baba yake so. An ɗauke shi. A ciki har an yaba masa yadda ya iya sarrafa makaɗan gargajiya. Hamma ya karanta wannan layin ya ajiye takardar a kan katifa, ya yini bai taɓa ta ba. Ya ce mini, a maganarsa ta farko gare ni, da yana da zuciya da ya mayar musu, don ba shi suka ɗauka ba, wani tsoho mai haƙori uku suka ɗauka. Na ce to ya mayar, in ya so in raka shi Kwadon in nuna masa wacce ce dawa. Ya ɗauki takardar ya nufi zaure. Na bi shi da shayin da ba wanda ya nema.

Baba ya sa tabarau ya karanta tun daga adireshi har sa hannu, ya shafa hatimin da babban yatsa.

"Ka tafi," in ji shi. "Amma kada ka ɗauka wannan ce ta fitar da kai. Tun ranar nan na fasa ba ka gonar."

Hamma ya ɗago kai.

"Ka ɗauki mutumin da ubansa ya yi wa ubana kiɗa, ka tsayar da shi a ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa, a garin da nake raye, ka ce ya yi shiru. Shekara shida kana karatun kiɗa ba ka san abin da zai faru ba. Yarinyar nan ma ta sani." Ban sani ba, amma na sunkuyar da kai irin na masu sani. "Wanda bai san wannan ba, in na ba shi ma'aikata talatin a Kwadon, kafin azahar sun watse sun bar shi da tsinke."

"Baba, ba ka ji ƙarshensa ba. Da ka ji..."

"Na ji abin da na ji. Allah ya ba da sa'a. Ka aske wannan gashin kafin ka shiga ofishin mutane."

Ya tafi ranar Asabar da akwatinsa uku, bai aske ba. A tasha na ce masa kashin ƙarshen nan yana da kyau, da gaske nake. Ya ce ya sani, abin da ke damunsa ke nan, mutum biyar ne kaɗai a duniya suka taɓa jin sa, kuma ɗaya daga cikinsu ni ce.

Yanzu yana can. Yana da ofis, yana da rabin masinja don su biyu suke raba shi, motar ce dai ba ta zo ba. Yini yake yi yana sauraren tef ɗin makaɗan garuruwa yana rubuta musu lamba a gefe. A wasiƙarsa ta watan jiya ya ce ya fara tsara wani sabon kiɗa a lokacin hutun cin abinci. Ya ce wannan karon na mutum ɗaya ne, baƙo, wanda bai san uban kowa ba, kuma a shafin farko, tun kafin sauti na farko, ya rubuta cewa a kulle ƙofa.